Muryar Matata a Rumbun Kwamfuta

Tsawa ta faɗa wa shagon kwamfutar da nake gadi a Yelwa, ta ƙone muryar matata. Ita kanta matar, ruwa ne ya ci ta shekaru kafin haka. Muryar ce ta rage mini, kuma a shagon take.

Ni masunci ne, ɗan masunci. Ƙauyenmu yana bakin tafki, a ƙasar Ngaski. Ban yi boko ba. A shekarun da aka cire mu daga Sakkwato aka ba mu jiha, kifi ya ja baya a wajenmu, sai na shiga bin ayari zuwa tafkin Chadi da rani. A can ba ka jin labarin gida sai in wani ya zo. Mu da ba mu iya wasiƙa ba, kaset muke yi. Mace ta ari rediyo mai ɗaukar magana, ta shiga ɗaki, ta faɗi abin da ke bakinta, a ba mai tafiya ya kai.

Sau ɗaya matata ta aiko mini.

Da sallama ta fara, kamar mai tsaye a ƙofar gidan mutane. Sai dariya ta kama ta.

"An ce in yi magana. To ga ni. Maigida, kana ji na?"

Ta tsaya tana jira, kamar zan amsa. Sannan ta ci gaba. Akuya ta haifi biyu, ɗaya ya mutu. Dangar baya ta faɗi, ƙanena ya ce zai zo ya gyara, har yau yana zuwa. Kada in sake sayo mata zane irin na bara, ko kakarta ba ta ɗaura shi. Daga nan ta kira ɗiyarmu, wadda ba ta daɗe da iya magana ba.

"Zo ki gai da Baba."

"Ina shi?"

"Yana cikin rediyo."

"Ƙarya kike."

"Ke! Ni ce mai ƙarya? Gai da shi na ce."

"Ce mishi ya fito."

Ta manta ba ta kashe rediyon ba. Sauran kaset ɗin ƙarar shara ce, da zakara, da sautin turmi daga maƙwabta, da ita tana ɗan rera wani abu a maƙogwaro. Wannan wajen na fi so.

Na dawo da damina. Wata ranar kasuwar Wara muka shiga jirgi mu uku za mu koma gida. Jirgin ya cika da mutane da buhuna. A tsakiyar ruwa ya hau kututture, cikin itatuwan da tafkin ya haɗiye tun da aka yi dam. Ya tsage. Na iya ruwa, shi ya sa nake nan. An sami matata washegari. Yarinyar ba a same ta ba.

Ban sake jefa koma a ruwa ba. Na zo Yelwa, na yi dako a kasuwar kifi, na yi turin ruwa, na yi faskare. Kaset ɗin yana cikin leda a aljihun ciki. Nakan ari rediyo in saurara. Kowane ji, muryar tana ƙara yin nisa. Wata rana rediyon wani mai shayi ya tauna zaren. Na zaro shi a hankali, na liƙa da jan farce, na naɗe da biro. Daga ranar tsoro ya hana ni kunnawa. Ina da ita a aljihu, ba na jin ta.

Haka na zauna shekaru.

Sai wani saurayi ɗan gari, wanda ya yi karatu a Zariya, ya buɗe shagon kwamfuta a gefen gari, kan hanyar da shanu ke bi su sauka ruwa. Lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba. Malaman makaranta da ɗalibai da ma'aikata suna zuwa su aika saƙo Legas da ƙasashen waje. Yana neman wanda zai yi gadi ya kula da janareta. Aka nuna masa ni. Ina ce masa Oga. Shi yana ce mini Sarkin Ruwa, ko Baba in magana ta gaske ce.

Mutum ne mai son bayani. Ko ba ka tambaya ba sai ya gaya maka. A wurinsa na san kayan.

Akwai babban faranti a bayan shago, kan turken ƙarfe, fuskarsa sama. Shi ke magana da tauraron ɗan'adam. Daga jikinsa baƙar igiya mai kauri ta shigo ta bango zuwa wani akwati da ake kira modam. Daga modam zuwa babbar kwamfutar da ke teburin Oga, wadda muke kira uwa. Daga uwa zuwa wani siririn akwati mai ramuka a jere, suwic. Daga suwic igiyoyi shuɗɗa suka rabu, kowace ta tafi wajen kwamfutarta. Biyar ne na masu zuwa, uwa ta shida. Kowane rami yana da ƙaramar koriyar fitila. In tana ƙiftawa, lafiya. In ta mutu, ka bi igiyar da hannu har ka sami inda ta yi rauni. Ko ƙafar mutum ta fizge ta, ko ɓera.

Wannan bai yi mini wuya ba. Wanda ya taɓa bin mamari, doguwar igiyar kamun kifi, a ruwa yana laluben ƙugiyar da ta tsinke ya san aikin.

Ɓeraye sun dame mu a farko. Oga ya rasa dalili, sai ran da ya gan ni na gama cin bandar kifi na tashi na kama igiya.

"Sarkin Ruwa! Ashe kai ke yi musu miya!"

"Wace miya?"

"Ka shafa wa igiya man kifi, ka ce ɓera ya yi azumi? Ga sabulu can. Kafin ka taɓa min waya, ka wanke hannu kamar za ka gaisa da gwamna."

"Gwamna bai fi kifi ba."

"A wajen ɓera dai, gaskiyarka."

Ya koya mini sauran. A bar janareta ya daidaita kafin a ba kwamfuta wuta. Ba a kashe ta daga bango, sai an sallame ta ta rufe da kanta. In ta ƙame, a kashe a kunna kafin a ta da hankalin kowa. A rufe su da zane in an tashi. Kada kofin shayi ya hau tebur, ko na waye. Cikin shuɗiyar igiya siraran wayoyi takwas ne masu launi, kowace da wurinta. Ban iya karatu ba, amma na iya launi, har na riƙa sa musu sabon kai da kaina.

Babbar doka ita ce ta hadari. In ya taso, a kashe komai, a cire wuta, a kwance baƙar igiyar faranti daga modam. Saboda tsawa kuma muka haƙa rami a gindin turken. Muka kafa sandar jan ƙarfe, muka zuba gawayi da gishiri buhu guda, muka ɗaura waya daga faranti zuwa sandar, muka binne.

"Nan ce hanyar tsawa," in ji Oga. "In ta zo, ta bi nan ta shige ƙasa, ta bar mu. Ka riƙa ba ramin ruwa da rani."

Na riƙa ba shi.

Wata safiya ina sauya wa kaset ɗin leda, Oga ya gani.

"Wace waƙa ce haka ake ɓoyo, Sarkin Ruwa? Ko ta 'yan mata ce?"

"Matata ce."

Ya san labarin jirgin. Kowa ya sani. Ya ce, "Baba, kawo. In na zuba ta a kwamfuta ba ta ƙara tsufa. Ko sau dubu ka ji, tana nan yadda take."

Na ƙi, sai da ya yi kwanaki yana bi na. Ran da na yarda, ya kawo rediyon gidansu, ya goge bakinsa da auduga, ya haɗa shi da uwa da wata siririyar waya. Ya danna. Na fita waje na tsaya wajen janareta, don ba na son in ga zaren ya tsinke. Bai tsinke ba. Da ya gama ya kira ni, ya ɗora mini abin ji a kunne.

"An ce in yi magana. To ga ni."

Kamar tana bayana. Na waiwaya.

Ya nuna mini wani ɗan hoto mai ruwan ɗorawa a kusurwar allo, ya kama hannuna ya koya mini inda zan danna sau biyu. Ya ce ya sa hoton a dukkansu, duk wadda na zauna zan ji ta. Na gwada. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, har ta bakin ƙofa. A kowace tana nan, da zakaran, da sharar, da yarinyar tana cewa in fito.

Na lissafa a raina: da wuri ɗaya take, yanzu wuri shida. Ga kaset na bakwai. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba. Na ji da kunnena.

Shekarar nan ita ce mai dama a cikin duk waɗanda suka biyo bayan jirgin. Kullum da safe in na gama shara, kafin mutane su zo, sai in zauna in ji. Har na fara amsa mata. In ta ce, "Kana ji na?" sai in ce, "Ina ji."

Da rani na je gai da surukata, uwar matata, a ƙauyensu cikin ƙasar Shanga. Idonta ya fara tafiya. Na durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda na saba. Bayan gaisuwa sai ta ce:

"An ce kana da muryarta."

"Ina da ita, Inna."

"Ni ko fuskarta ta fara ɓace mini."

Ba ta roƙa ba. Ba za ta roƙa ba. Na ciro ledar na ajiye a gefen tabarmarta. Ta lalubo ta, ta riƙe da hannu biyu. Na dawo Yelwa da sauƙin zuciya. Na ba da ɗaya, ina da shida.

A ranin nan gishirin ramin ya taso sama, ya yi fari a kan ƙasa. Awaki suka fara ganowa. Sai shanu. Duk garken da zai sauka ruwa sai ya ratse bayan shago, suna lasa, suna tono da kofato. Makiyayan suna kora, ni ina kora. Na sa ƙaya, suka ture. In sun yi rami in cike, in zuba ruwa. Ashe a ƙarƙashi kofato ya riga ya raba wayar da sandar. Daga sama ba a gani. Ni ban gani ba, Oga bai gani ba.

Hadarin farko ya taso da la'asar daga gabas. Na ji iskar ta sauya, na leƙa na ce wa Oga a tashi. Bai yi musu ba. Ya sallami mutane, wani malami yana ta roƙon a ɗan jira shi, Oga ya ce ya dawo gobe. Na kashe janareta. Ko ɗigo bai sauka ba tukuna. Oga ya zagaya bayan tebur zai kwance baƙar igiya.

Ban ji ƙarar ba sai daga baya. Fari na gani. Sai wari, irin na roba da gashi. Oga yana ƙasa, jingine da bango, bakinsa a buɗe. Na ja shi waje cikin ruwan da ya fara zuba. Ya rayu. Kunnensa na hagu ne bai dawo ba.

Tsawar ta sauka a faranti, ba ta sami hanyar ƙasa ba, ta biyo igiya. Ta ci modam, ta ci uwa, ta ci suwic, ta bi shuɗɗan igiyoyi ta ci uku. Biyu suka tsira. Ɓera ya yanke igiyoyinsu tun kwana biyu kafin nan, na cire su ina jiran in sa sabon kai.

Na ce alhamdu lillahi. Na tausaya wa Oga da asararsa, amma a cikina ina cewa, biyu sun isa.

Da safe na ta da janareta, na jira ya daidaita, na kunna ta bakin ƙofa. Ta kawo. Hoton mai ruwan ɗorawa yana kusurwarsa. Na sa abin ji, na danna sau biyu. Wani ɗan akwati ya fito da jar alama. Na kashe, na kunna, kamar yadda aka koya mini. Haka. Na koma ɗayar. Haka.

Oga ya shigo da auduga a kunne.

"Oga, ta ƙi magana."

Ya duba allon, ya dube ni.

"Ai tana cikin uwa, Baba."

"Ka ce duk wadda na zauna."

"Ji kake yi daga nan. Ajiyar tana can. Igiya ke kawo maka ita."

"Ga hoton nan."

"Hoton ƙofa ce kawai. Kamar famfunan unguwa ne da tanki ɗaya. In tanki ya fashe, duk famfon da ka murɗa iska ce."

Na gane. Ba wuya a ciki. Da an gaya mini tun farko da na gane tun farko. Shi bai san ina lissafin shida ba, ni ban san akwai abin da ban sani ba.

"Kada ka damu," ya ce. "In na farfaɗo sai mu sake zubawa. Wannan karon har faifan sidi zan yi maka, ka ajiye wani wuri dabam. Ina kaset ɗin?"

"Na bayar."

"Wa?"

"Uwarta."

"To a karɓo mana."

Yaro ne, bai yi aure ba. Ba a shiga ɗakin suruka a ce ta maido abin da aka ajiye mata a tabarma. Na ce masa a fara gwada wata hanya.

Ya buɗe cikin uwa, ya ciro wani ƙarfe mai nauyi, bai fi tafin hannuna ba. Ya ce shi ne rumbu, duk abin da aka ajiye yana ciki. Gefensa ya yi baƙi. Ya ba wani direba ya kai Kano wajen masu gyara. Daga Kano aka ce sai Legas. Na jira. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai na miƙe. Damina ta yi nisa, gero ya yi kai, aka fara yanka. Sannan rumbun ya dawo a naɗe cikin tsohuwar jarida. Sun ce wutar ta shiga har ciki.

Ran nan na ajiye kunya, na hau mota zuwa Shanga.

Inna ta makance gaba ɗaya. Ta gane ni da sallama. Na daɗe ina kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni, na ce aro nake so, zan maido.

"Ɗauki mana, ɗana. Ai naka ne. Rediyon ma ya mutu tun azumi. Kaset ɗin yana cikin ƙwarya a ƙarƙashin gado."

Na jawo ƙwaryar. Ledar tana ciki. Ba komai a ledar.

Ƙanen matata ya shigo daga gona, muka gaisa. Na tambaye shi. Ya sosa kai.

"Kaset-kaset ɗin da ke ɗakin nan? Ai tsuntsu ya dame mu bana, yaya. Yara sun kwashe duk na gidan."

"Yaushe?"

"Da shinkafa ta fara fitar da kai. Bai fi 'yan kwanaki ba. Wani abu ne a ciki?"

Inna ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. Na ce ya kai ni gonar.

Haka ake yi a fadama, ni ma na yi da hannuna ina saurayi. A fasa tsohon kaset, a zare zaren, a ja shi daga sanda zuwa sanda a kan shinkafa. Rana ta haska shi, iska ta kaɗa shi, tsuntsu ya ji tsoro. Gonar tana da faɗi. Zare ya ratsa ta ko'ina, yana walƙiya, na wa'azi da na kiɗa da nata, duk iri ɗaya. Rana ta riga ta murɗe su, ruwa ya wanke.

Ƙanen nata ya gane sai a lokacin. Ya dafa kai.

"Wayyo, yaya. Wallahi ban sani ba. Bari in kira yara a kwance duka."

"Bar shi."

"A kwance mana, ko Allah zai sa..."

"Bar shi. Tsuntsu zai cinye muku."

Na shiga cikin shinkafar, na kai kunnena kusa da wani zare. Yana kuka a iska, siriri, kamar sauro. Na gwada wani. Duk kukansu ɗaya. Na fito, na yi wa Inna sallama daga bakin ƙofa, na kama hanya.

Maganar ban manta ba. Zan iya faɗinta daga sallama har zuwa "ce mishi ya fito." Amma in na faɗa a raina, da muryata take fitowa. Da farko ina kama dariyar, wajen da ta ce ko kakarta ba ta ɗaura zanen. Yanzu ita ma ta tafi. Abin da take rerawa tana shara, na neme shi na rasa.

Oga ya sake ta da shagon da kwamfuta uku. Muka sake haƙa rami, wannan karon muka zuba masa siminti a kai. Ya yi ta ba ni haƙuri, na ce ba shi ya aiko tsawa ba. Bayan wasu shekaru wayar hannu ta cika gari, mutane suka daina zuwa. Ya sayar da faranti, ya koma Birnin Kebbi. Ran da zai tafi ya tambaye ni abin da nake so a cikin kayan. Na ce rumbun.

Samarin yanzu suna zama kusa da ni da wayoyinsu, suna nuna wa juna hotunan 'ya'yansu da muryoyin iyayensu. Wani lokaci nakan ce wa ɗaya, abin nan wuri nawa ka ajiye shi? Ya ce yana cikin waya, Baba. In ce wuri ɗaya ke nan. Ya yi dariya ya ce tsoho ya san kwamfuta.

Ina Yelwa har yanzu, a bakin ruwa wajen da jirage ke tsayawa. Ina ɗinke wa mutane tarun kamun kifi a ƙarƙashin wata rumfa. Ban sake aure ba. Inna ta rasu. Rumbun yana aljihun ciki, a cikin ledar da kaset ɗin ya zauna.